Ai Ba Ƙarya Na Yi Ba

Sana'ata gyaran waya ce. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a kan wani ɗan benci a kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano, gabana tebur da fitila da ƙarfen narkar da dalma da tarin matattun batura. Ranar Lahadi da yammacin Laraba kuma ina tare da matasan ikilisiyarmu a Sabon Gari. Wannan shaida na sha ba da ita da baki a gaban yara. Sai yanzu na zauna rubuta ta, bayan na nemi izinin wadda abin ya faɗa wa. Ta ce in rubuta, amma kada in kama sunanta, ko na mahaifiyarta, ko na majami'armu.

Mu Hausawa ne, asalinmu wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Kakana Bamaguje ne. Ciwon ido ya kawo shi asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, a nan ya fara jin bishara. Ya koma gida da ido ɗaya mai gani, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikin jakarsa, alhali ko bihim bai iya karantawa ba. Mahaifina ne ya shigo birni, ya yi aiki a wata masana'anta a Bompai har ta rufe. Ni a cikin coci na buɗe ido: makarantar Lahadi, faretin Boys' Brigade, baftisma ina ɗan shekara 16. Ban taɓa kai kwalbar giya bakina ba, ba a taɓa kawo ƙarata gaban dattawa ba. Na faɗi wannan ne domin a san irin mutumin da ya aikata abin da zan faɗa. Mutum ne da ya sakankance cewa shi na kirki ne.

Bayan harin 20 ga Janairun 2012 gidaje da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka bar Kano, zumuntar matasanmu ta koma 'yan tsiraru. Mun sha wahala kafin ta sake tsayawa da ƙafarta. A 2016 aka zaɓe ni shugaba, kuma abu na farko da na yi shi ne buɗe zaure biyu a WhatsApp: babba na kowa da kowa, da ƙarami na shugabanni, mu tara. A nan muke tura ayar safiya, sanarwar biki da ta rasuwa, da roƙon addu'a. Ina alfahari da zaurukan nan ƙwarai, ina ganin na kawo wa aikin Ubangiji ci gaba.

Akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙa, shekararta 19 a lokacin. Marainiya ce, mahaifiyarta tana tuyar waina a bakin titi tun asuba. Idan yarinyar nan ta ɗaga waƙa, tsofaffin zumuntar mata na gaba sai sun rangaɗa guɗa. Yaya take ce mini tun tana ƙarama. A ƙarshen 2019 ta fara fashin zuwa koyon waƙa, ga Kirsimeti na matsowa, abin yana ba ni haushi, amma ban taɓa tambayarta dalili ba.

Wani daren Alhamis a farkon Disamba, wajen ƙarfe tara da rabi, ina kwance ana ta kukan janareta a layinmu, sai wani abokina da ba ɗan cocinmu ba ya turo mini bidiyo. Ya rubuta a ƙasa: "Wannan ba 'yar cocinku ba ce?" Bai kai minti ɗaya ba. Wurin shan giya ne a wani otal, kiɗa na tashi, ga ta zaune da kwalba a hannu, wani mutum ya ɗora hannunsa a kafaɗarta tana dariya. Mutumin rabin fuskarsa kawai aka ɗauka, amma ana ganin furfura a gemunsa da agogo mai tsada. Ita kuwa fuskarta tar, babu musu.

Na kalla sau uku. Sannan na danna, na tura shi zauren shugabanni, na rubuta: "Jama'a, mu sa 'yar'uwarmu cikin addu'a."

A nan zan tsaya kaɗan, domin duk shaidar tana cikin awar da ta biyo baya. A wancan lokacin WhatsApp yana ba mutum awa ɗaya da 'yan mintuna ya janye saƙon da ya tura, ya goge shi daga wayar kowa. Ni mai gyaran waya ne, na san wannan kamar yunwar cikina. Minti goma da turawa wani abu ya ce mini a zuci: goge. Na duba, mutum biyu ne kawai suka buɗe. Na ɗora yatsa a kan saƙon har alamar kwandon shara ta fito. Sai ga amsa ta shigo: "Kai! Shugaba, Allah ya saka maka da ka sanar da mu." Wata ta biyo: "Dama ni na daɗe ina zarginta." Sai na janye yatsana. Gaskiyar da na daɗe ban iya faɗa ba ita ce na ji daɗi. Daɗin zama wanda labari ke hannunsa, daɗin a ce Shugaba idonsa a buɗe yake, da wani ɗan daɗi na cewa ga dalilin fashin nan ya fito. A daren nan ko addu'a ɗaya ban yi mata ba. Har barci ya ɗauke ni ina karanta amsoshi.

Magana zarar bunu ce. Tun farkon shekarar WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, don rage yaɗa jita-jita, amma biyar ɗin ma ta isa: kowa ya tura wa biyar, su ma su tura wa biyar. Kafin azahar ɗin Juma'a bidiyon yana wayoyin zumuntar mata. Ranar Asabar wani ya ɗora shi a Facebook da rubutu a sama cewa ga mawaƙiyar coci a bakin aiki. Aka yi ca a kanta. Waɗansu suka mai da abin zagin Kirista gaba ɗaya, wai dama haka 'yan Sabon Gari suke. Wannan kuma shi ya fi harzuƙa namu. Duk wanda ya girma yana Kirista a Kano ya san nauyin nan da muke ɗauka, na cewa idon maƙwabta yana kanmu, laifin mutum ɗaya na kowa ne. Sai fushin ya koma kan yarinya: ta zubar mana da mutunci, ta ja mana zagi. Na ga mutanen da muke cin jibin Ubangiji tare suna rubuta mata kalmomin da ba zan iya maimaitawa ba, waɗansu har da aya a ƙarshe.

Dattawa suka kira ta da mahaifiyarta. Ba ta yi musu ba. Ta ce ita ce, giya ce, mutumin kuma magidanci ne, shi ke biya mata kuɗin makaranta tun shekarar da ta gabata. Aka sa ta a ƙarƙashin horo na wata shida, aka sanar a gaban jama'a. Lahadi ɗaya ta zauna a bencin baya, kanta a ƙasa, yara suna waiwaye, waɗansu na ɗaga waya a fakaice. Lahadi ta biyu ba ta zo ba. Mutumin mai agogo kuwa, ban ji wanda ya tambayi ko wane ne ba, har da ni.

Duk lokacin da zuciyata ta motsa, amsata ɗaya ce: ai ba ƙarya na yi ba. Ba ni na ɗauki bidiyon ba, ba ni na kai ta otal ba, ba ni na sa a Facebook ba. Mutum takwas kawai na tura wa, su ma shugabanni, kuma don addu'a. Da wannan amsa na yi Kirsimeti. A daren waƙoƙin Kirsimeti na matasa ni na hau bagade na karanta Matiyu sura ta ɗaya, inda aka ce Yusufu, da yake adali ne, bai so ya kunyata Maryamu a gaban jama'a ba, ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Na karanta da murya mai kyau, na ce Ubangiji ya albarkaci karatun maganarsa, na sauka. Ko gezau.

A watan Fabrairun 2020, wata safiya mai hazo, ina cikin canza wa wata Tecno sikirin sai na ji an ce, "Sannu da aiki, ɗana." Mahaifiyarta ce. Ta rame, zaninta na ƙanshin man tuya. Tun daga Sabon Gari ta shigo adaidaita sahu ta zo har Farm Centre, ta wuce masu gyara sun fi ɗari, tana tambayar teburina. Na ba ta benci, na sayo mata ruwan leda. Ta kwance bakin zani ta fito da wata ƙaramar itel mai fasasshen gilashi.

Ta ce, "Ta ƙanwarka ce. Tun watan jiya na kai ta ƙauye wurin ƙanwata, ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana. Wayar nan ta jefar da ita, ta ce kada ta ƙara ganinta. So nake ka gyara, ka share duk abin da ke ciki, ka sayar mini, in sayi magani. Ban yarda in ba kowa ba sai kai. Kai ne na san ba za ka tona mana asiri ba."

Na ce, "To, Mama." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Da ta tafi na sa wa wayar caji, na kunna. Layin yana ciki, da sauran data. Wayar ta fara rawa a kan tebur, ta yi ta rawa ba tsayawa, har sukurori suna gangarowa ƙasa. A sana'armu akwai amana: ba ka buɗe saƙon mutane, ba ka shiga hotunansu. Akwai masu cin wannan amana, kuma hotunan 'yan mata da yawa da ke yawo daga teburin gyara suka fita, shi ya sa nake gaya wa kowa ya cire katin ajiya ya kulle hotunansa kafin ya miƙa waya. Ni ban taɓa yi ba. Amma ranar nan ba sai na buɗe ba, saƙonnin da kansu suke faɗowa a saman sikirin ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da ba ta sani ba suna tambayar nawa ne kuɗinta. Wani ya turo hoton tsiraicinsa. Wata da na san muryarta a cikin mawaƙa ta rubuta cewa gara ta mutu da wannan abin kunya. Wata biyu da rabi bayan abin, saƙon jiya ma yana ciki.

Da na shiga don in goge, sai na ga sunana a jerin hirarrakinta. Saƙo na ƙarshe daga gare ta ne, ranar Talata, kwana biyu kafin bidiyon: "Yaya ina wuni. Don Allah ina so in yi magana da kai in ka samu lokaci, akwai abin da ke damuna." Alamar shuɗi biyu na jikinsa. Na zaro wayata na duba. Yana nan. Na karanta shi a ranar, ina tsakiyar lissafin kuɗin ankon Kirsimeti, na ce zan amsa anjima.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Maƙwabcina a kasuwa, wani malami mai sayar da caja da batura, Musulmi ne, mun fi shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya, shi ya taɓa ni ya ce, "Lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji. Na ƙare da amsar tawa, cewa ai ba ƙarya na yi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ya ce maka sai ƙarya ake tona wa mutum asiri da ita? Ai da gaskiya ake tonawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya ce su a wurinsu an koyar da cewa wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, Allah zai rufa masa nasa ranar lahira. Ya ce, "Na tabbata ku ma akwai irinta a littafinku." Akwai, kuma ni na karanta ta a kan bagade.

Na goge wayar, na sa mata sabon gilashi, na kai wa Mama kuɗin da ya fi kuɗinta, na ce ta yi kasuwa. Ban gaya mata komai ba. Tsoro ya hana ni.

Sai ga korona. A watan Afrilu aka rufe Kano, kasuwa a rufe, majami'u a rufe, ana ta jin labarin rasuwar dattawa a cikin gari. Na zauna a ɗaki ni da abin da na yi, babu taro, babu shiri, babu inda zan ɓuya a cikin hidima. Ban taɓa sanin cewa yawan aikin coci yana iya zama maɓoyar mutum ba sai a makonnin nan. Addu'a ta gagare ni. In na durƙusa, sai in ji wayar nan tana rawa a kan tebur.

Da aka sassauta, na je wurin wani tsohon fasto da ya yi ritaya, wanda ya yi wa mahaifina baftisma. Yana zaune a tabarma a ƙofar gida da rediyonsa. Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ya yi ta yi. Ya ce in buɗe Matiyu 18 in karanta aya ta 15 zuwa 17. Na karanta: in ɗan'uwanka ya yi laifi, ka je ka same shi, kai da shi kaɗai, in bai ji ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a gaya wa ikilisiya. Ya ce, "Kai daga ina ka fara?" Na ce, "Baba, daga ƙarshe." Ya ce, "A'a. Ƙarshen ikilisiya ce. Kai ka tsallake ikilisiya ka kai wa duniya."

Sannan ya ba ni labarin yadda suke yin horo a ƙauye a zamaninsu. Ya ce da dare dattawa biyu suke zuwa gidan mutum, ba fitila, don kada maƙwabta su san an zo. In har ta kai ga horo, to yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma a tsakani akwai wanda aka ɗora wa alhakin ziyartar mutumin kowane mako. Ranar da wa'adi ya cika a kira shi gaba, fasto ya miƙa masa hannu, a tashi da waƙa, daga ranar kuma duk wanda ya sake tayar da maganar shi ne mai laifi. Ya ce, "Horo don a dawo da mutum ake yinsa, ɗana. Wannan naku na waya, wa zai tsaya ya ce ya ƙare? Yaushe ne ranar miƙa hannu?" Ya tuna mini da 'ya'yan Nuhu a Farawa sura tara, yadda ɗaya ya ga tsiraicin mahaifinsu ya fita ya ba da labari, biyu kuma suka ɗauki mayafi suka shiga da baya da baya suka rufe shi. Ya ce shi ma na farkon ba ƙarya ya yi ba.

A watan Agusta, tsakiyar damina, na hau mota ta hanyar Wudil, na sauka na ɗauki ɗan acaɓa zuwa ƙauyen. Dawa ta fi mutum tsayi, hanya duk taɓo. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale a tire. Da ƙyar na gane ta. Ta gaishe ni, "Yaya, sannu da zuwa," ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta. Na ƙi zama a tabarmar, na tsuguna a ƙasa, na ce mata ni ne na fara tura bidiyon cikin coci.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun ranar Juma'ar aka turo mini hoton zauren naku. Sunanka ne a sama, da maganar addu'a."

Wata takwas tana sane. Ta san mahaifiyarta ni za ta kawo wa wayar, ba ta ce mata komai ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Mama tana ganin girmanka. In na gaya mata, wa ya rage mata a cocin?" Yarinyar da na tona wa asiri ita ta rufa mini nawa. A nan na fashe da kuka a gaban yara da awaki.

Na tambaye ta abin da ta so gaya mini ranar Talatar. Ta ce so take ta rabu da mutumin, amma ba ta san yadda za ta yi da kuɗin jarrabawa ba, kuma ya fara yi mata barazana. Ta yi tunanin ko zumunta za ta iya ranta mata. Kuɗin da ta faɗa bai kai rabin abin da muka kashe a ankon shekarar ba. Na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana tsinkar zogalen, sannan ta ce, "Yaya, ka tafi tukuna. Ban iya ba yanzu. In na ce na yafe, ƙarya zan yi." Na tashi na tafi, kuma har yau ina girmama wannan amsa fiye da in da ta sallame ni da baki.

Da na dawo na je na durƙusa wa Mama a wurin tuyarta na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Ta juya wainar da ke cikin tanda, ta ce, "Kai ma?" Kusan shekara ba ta amsa gaisuwata da sunana ba. Sannan na je wurin dattawa, na ce ina so in yi magana a gaban jama'a, in kuma ajiye shugabanci. Waɗansu suka ce ba sai an kai ga haka ba, ai niyyata mai kyau ce. Na ce ni na san niyyata. Ranar Lahadi na tsaya na faɗi abin da na yi, har da awar nan da na ƙi gogewa, har da saƙon da ban amsa ba. Na roƙi a sa ni a horo, aka ba ni wata uku. Na zauna a bencin da ta zauna. Daga can baya mutum yana ganin ƙeyar kowa, yana kuma ganin duk wanda ya waiwayo. Bayan sujada mutum shida suka same ni ɗaya-ɗaya, kowa a ɓoye, suka ce su ma sun tura.

Ta yafe mini a 2021, ta waya, da 'yan kalmomi. Yanzu tana wani gari tana ɗinki, tana zuwa sujada. Ba ta koma makaranta ba, kuma har yau ba ta sake shiga ƙungiyar mawaƙa ba. Ta ce in ta tsaya a gaban mutane sai ta ga kamar kowa da waya a hannu. Ba na so wani ya karanta wannan ya ce ai komai ya gyaru. Yesu ya gafarta mini, ita ma ta gafarta, amma muryar nan da tsofaffi ke yi wa guɗa ni na kashe ta a majami'armu.

Bayan shekara biyu aka sake neman in taimaka da matasa, a matsayin mai ba da shawara. Na karɓa da sharaɗin za a canza yadda muke tafiyar da zaure. Yanzu ba a sa hoton kowa ko sunan kowa a kan laifi, ko da sunan roƙon addu'a ne. Duk wanda ya ga wani abu, ya kira mutumin ko ya taka ya je. Kuma saƙon yaro ba ya kwana a wayata ban amsa ba, ko da "na gani, gobe ƙarfe huɗu" ne. Wannan na biyun ya fi kowane wa'azi da na taɓa yi amfani. Yaran nan ba a taron Laraba suke faɗin damuwarsu ba. Da ƙarfe sha ɗayan dare suke rubuto "Yaya kana nan?", in ba ka nan kuwa, akwai wanda yake nan.

Na kuma gane ba 'yan mata kaɗai abin ke ci ba. Wani yaro ɗan shekara 17, mai kaɗa mana ganga, ya zo teburina dab da magariba wai wayarsa na zafi. Wayar lafiyarta ƙalau, hannunsa ne ke rawa. Na rufe akwati na ja shi gefe. Wata ce a Instagram, ko wani mai hoton mace, suka yi mako biyu suna hira, ta sa ya tura hotonsa ba kaya. Nan take aka turo masa jerin sunayen abokansa da na 'yan cocinmu, aka ce ya biya kafin ƙarfe goma ko a watsa. Ya riga ya tura kuɗin makarantarsa, sun ce a ƙaro. Ya ce mini ya yi tunanin shan wani abu ya huta. Irin wannan damfara ta yi yawa har a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda ita. Na ce masa kada ya ƙara tura ko sisi, don biya ba ya sa su daina. Muka ɗauki hoton duk hirar muka adana kafin mu toshe su, muka kai rahoton shafin, muka kulle nasa. Na gaya masa dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta ɗauki irin wannan barazana a matsayin laifi, shi aka zalunta. Abin da ya fi tsoro shi ne mahaifinsa. Na raka shi gida a daren, na fara shiga ni kaɗai na zauna da uban, na ba shi labarin abin da ni na yi, kafin in ce yaron ya shigo. Uban ya yi ta huci, daga baya ya jawo shi jikinsa. Yaron yana nan yana kaɗa gangarsa, kuma ban da mu uku da fasto babu wanda ya sani. Shi ma sai da ya yarda na sa wannan a nan.

Idan muna nazarin Yahaya sura takwas da matasa, labarin matar da aka kawo gaban Yesu an tsayar da ita a tsakiyar taro, nakan tambaye su su wane ne su a cikin labarin. Yawanci sukan ce matar, waɗansu su ce masu duwatsu. Ni nakan ce musu ni ne wanda ya fara ganinta, ya ruga ya kira mutane. Yara sukan yi tsit, domin kusan kowannensu yana da wani abu a wayarsa da aka turo masa, shi ma ya tura.

A watan Nuwamban bara, ina shirin tashi daga kasuwa, saƙo ya shigo daga wani sabon yaro a zumuntarmu, ɗan shekara 15, iyayensa ba su daɗe da dawowa Kano ba. Bidiyo ne, a samansa alamar nan ta kibiya biyu da ke nuna an tura shi sau da yawa. Ya dusashe saboda yawan kwafa, kiɗan ma da ƙyar ake ji, amma tun kafin in buɗe na gane kwalbar da agogon. Ya rubuta: "Yaya ka ga wannan? Wai 'yar cocinmu ce da."

Ban amsa a waya ba. Na rufe akwatina, na tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, na yi sallama a gidansu. Ya fito yana mamaki, ya ce, "Yaya, lafiya?" Na tambaye shi wa da wa ya tura wa. Ya ce ni kaɗai tukuna. Muka zauna a kan dakali, na sa ya goge a gabana, daga cikin hira da kuma cikin ma'ajiyar hotuna. Ya ce, "Ka san ta ne?"

Na ce, "Na san ta. Matso in gaya maka wanda ya fara tura shi."